Karan Da Kawu Ya Bari A Bayan Ƙofa

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, saura kwana uku a yi gwajin ruwa. Na san ba haka ake buɗe maganar mamaci ba. Da addu'a ake farawa, kuma na yi, ina kan yi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma in na ce ba lissafin kwanakin nan uku ne ya fara faɗo wa duk wanda ya ji labarin ba, na yi ƙarya. Har da ni da ya rena tun ina shekara huɗu.

Ina kan keke a shagona na kasuwar Shagari, ina haɗa wuyan wata riga, aka aiko mini. Na bar rigar a ƙarƙashin allura na hau babur. Kafin in isa ƙauye an gama wanka, ana jiran Inna, mahaifiyata, ta fito daga ɗakin da yayanta yake kwance. Da ta fito ta bi ta gabana kamar ba ta san ni ba. Ban yi mamaki ba. Wata guda ke nan ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

A maƙabarta wani tsoho ya iso a bayan babur, rungume da jarka. Daga ƙauyen ƙarshe yake, can inda gulbinmu ke ƙarewa a wata mashaya kafin ya ɓace cikin rairayi, wurin da muke kira wutsiya. Ya ce da ruwan mashayarsu yake so a kwaɓa ƙasar rufe kabarin. Da aka tsiyaya, sai ga ruwan ja, rabinsa laka.

“Shi nis samu,” in ji tsohon, bai dubi kowa ba. “Shi ad da mu yanzu.”

Mu mutanen kasuwa muka sunkuyar da kai, don mun san da mu yake.

Zaman makokin ma haka ya kasance. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ba wanda ya ce wa wani ga inda za ka zauna, amma kowa ya nemi nasa. Manoman albasa gefe guda. Ardo da mutanensa can kusa da danga, sun jingine sandunansu. Sarkin Ruwa da masunta daga bakin rumbu. Mu kuma teloli da masu injin niƙa da masu walda muka haɗu a tabarmar da rana ta fi samu. Wani dillalin albasa da ya zo tun daga Boɗinga ya yi ta kuka kamar mace ta rasa ɗan fari, yana cewa bai taɓa zazzage buhun Kawu don ya duba ƙasa ba, abin da ke baki shi ke gindi. Wata tsohuwa daga Dingyaɗi ta aiko a gaya wa Inna cewa ita ba ta taɓa ganin mamacin ba, amma 'yarta na aure a wutsiya, kuma ta san sunan wanda ya sa jikokinta ke samun ruwan sha. Injiniyan kamfanin wuta ma ya zo. Ya cire takalmansa tun daga nesa, ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a mai tsawo. Duk wanda ya shafa fatiha sai ya saci kallon ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya ambaci Asabar, ranar gwajin.

Bari in faɗi abin da ke tsakaninmu, saboda wanda ba ɗan nan ba.

Akwai ƙaramin dam a bayan ƙauyenmu, ta hanyar Kajiji. Ina yaro aka gina shi don noman rani. Daga baya wani kamfani ya sami lasisi ya kafa injin da ruwa ke juyawa ya ba da wuta. Wutar ba ta da yawa, amma ita ce ta raba mu da hayaƙin janareto a layin teloli, ita ke riƙe da firjin magani, ita ke tura ruwan famfo. Bana wa'adin lasisin ya cika. Kamfanin ya nemi a sabunta masa, ya kuma nemi a yarda ya riƙa tsuke ƙofar dam da rana ya tara ruwa, in magariba ta yi ya sake shi da ƙarfi, lokacin da gari ya fi bukatar wuta. A takarda, yawan ruwan da zai fita a yini bai ragu ba. A gulbi kuwa wani abu ne daban. Shanu da rana suke sha, sai su tarar da taɓo. Manomi da rana yake ban ruwa. In an saki ruwan yamma kuma sai ya zo da fushi, ya kwashe tarun masunta, ya ci bakin fangalin albasa. Kamfanin ya ɗan gwada haka tun farkon rani, kowa ya ɗanɗana. Hukumar da ke ba da lasisi ta ce ba za ta sa hannu ba sai mutanen gulbi sun yarda da yawan ruwan da za a bari yana gudu da rana. Wakilin mutanen gulbi kuwa, tun ranar da aka gina dam ɗin, Kawu ne.

Ba wanda ya naɗa shi. Bai yi boko ba, ko sunansa ba ya rubutawa da shi. Abin da yake da shi kara ne. Duk shekara in zafi ya fara, sai ya zaɓi karan dawa busasshe mai tsawon kamu ɗaya, ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya je ƙofar dam da hantsi ya jefa. Daga nan ya bi shi da ƙafa, bakin gulbi bakin gulbi, da shaidu daga kowane ɓangare. In karan ya isa mashayar wutsiya kafin la'asar, ruwan da ake saki ya isa. In ya zauna kan rairayi, bai isa ba, ko da ma'aunin da ke jikin dam ya rantse. Dokarsa ɗaya ce, ba a taɓa kara. Ba hannu, ba ƙafa, ba sanda. In ciyawa ta riƙe shi, a jira, ruwa mai rai zai ƙwace abinsa. In kuwa ya kwanta a rairayi, sai Kawu ya nemi wuri ya zauna kusa da shi, ya aika a gaya wa masu ƙofa ga inda ruwansu ya mutu. Sau da yawa ya wuni a rana haka, har sai an ƙara buɗewa.

Ni ban taɓa bin sa ba ko sau ɗaya. Tun da ya kai ni Boɗinga koyon ɗinki na ɗauki kaina na fi ƙarfin yawon bakin gulbi. Abin da ya haɗa ni da karan nan ƙyalle ne kawai. Tun da na buɗe shago, a wurina yake ɗauka. Ba ya roƙo, ba ya yarda in yanko masa daga sabon yadi. Sai ya shigo, ya tona tarin ƙyallayen da ke ƙasan tebur da yatsan ƙafa, ya tsinci ja, ya kaɗe, ya sa aljihu. In na tsokane shi na ce Kawu, ko buhu guda zan aiko maka, sai ya ce buhu na mai kasuwa ne, shi guda yake so.

Tambayarsa ta kullum ita ce, “Ya kai wutsiya?” Ba a gulbi kaɗai ba. In an raba tuwo a gida, ba ya sa hannu sai ya tambaya, kuma sai an tabbatar masa wanda ya fi kowa nisa da tukunya ya samu. In an yanka ragon layya haka. Matan gida har suna kwaikwayonsa in ba ya nan. Ina jin haushin tambayar nan ina yaro, don miya na hucewa muna jiran a ƙirga baki.

Kada a ɗauka mutum ne mai sanyi. Kawu na da baki, kuma ban taɓa jin ya ce a yi haƙuri ba. Wata shekara ya tarar da ɗan wansa ya tsoma tiyon injin ban ruwa a bakin mashaya da tsakar rana, shanu na tsaye suna jira. Bai yi masa magana ba. Ya fizge tiyon ya wurga shi kan gaɓa, ya zauna a kan injin har shanun suka gama sha. Shekara biyu gidan wan nasa ba su gaishe shi ba, bai kuma nemi su gaishe shi ba. Fulanin ma ba su tsira ba. Ranar da shanu suka tattake hanyar ruwan wata gona, shi ya tsaya a kan Ardo har sai da mutanensa suka gyara ta da hannunsu. Gonarsa kuwa tana kusa da ƙofar dam, inda ruwa ba ya yankewa. A wata shekarar fari shi ya fara toshe tasa hanyar, albasarsa ta bushe tana tsaye, don ya sami bakin ce wa sauran su toshe. Inna ta yi masa faɗa a kan haka har ta gaji. Ya bar ta ta gama, ya tambaye ta ko akwai sauran fura.

Injiniyan nan da ya cire takalmi tun daga nesa, yana da dalili. Ranar da ruwan yamma ya kwashe tarun masunta, samari suka tare shi a kan hanyar dam, wasu har sun ɗebi duwatsu. Kawu ya ratsa su ya kama hannunsa, ya kai shi zaurenmu, ya sa aka dama masa fura. Sai da ya ga ya sha sannan ya zazzage masa faɗan da ya fi na samarin zafi. Injiniyan ya gaya mini daga baya cewa a ranar ya ce wa Kawu, shi ma ba mugu ba ne, akwai maganin yara a firji, akwai mata a layin famfo. Kawu ya ce, “Gaskiyakka ta. Su ma suna cikin gulbin ga. Ban ce a kashe wuta ba. Na ce a bar wa na baya abin da za ya kai gare su.”

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Wata guda kafin rasuwarsa, kwamitin hukumar ya kira taro a Shagari. Ni ne shugaban teloli na layinmu, ni aka ba magana a madadin 'yan kasuwa. Azumi na ƙaratowa, ɗinkin salla ya fara taruwa, kuma a watan nan ne tela ke samun abin da zai ci rabin shekara. Keken surfani ba ya tafiya da ƙafa. Mun ɗanɗana wutar yamma mai tsawo, ba ma son a rage mana ko minti. Injiniya ya tashi ya nuna zane a allo, ya ce ga ruwan da za su bari da rana, lissafi ya nuna zai isa. Kawu ya miƙe da ƙyar, don ƙafarsa ta fara kumbura tun lokacin.

“Ranka shi daɗe,” ya ce wa shugaban kwamitin, “ni ban san lissahi ba. Rairayi nis sani. Ruwan da yaf fito da rana, rairayi ka sha nai tun bai yi nisa ba. A saki abin da anka ce, in jehwa kara. In ya kai, in sa hannu gaban kowa.”

Wasu suka yi dariya. Dariyar ce ta ɗebe ni. Na tashi ba a ba ni izini ba, na ce ranka ya daɗe, a gafarce mu, tsohonmu ne, amma zamanin wasan kara ya wuce. Na ce gari guda ba zai zauna cikin duhu ba saboda tsoho na son yawon bakin gulbi. Na ce wanda bai iya karanta takarda ba bai kamata ya hana a sa mata hannu ba.

Wannan ta ƙarshe ita ce ba ta goguwa. Mutumin da ya sayar da tinkiyarsa ya sa ni makaranta, shi na gaya wa haka, a gaban hakimi, a gaban baƙi. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda yake duban sama in yana son ya san ko za a yi hadari. Sannan ya zauna. Shugaban kwamitin, dattijo ne mai hankali, ya ce ba abin da za a rasa in an gwada. Ya sa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Kamfani zai saki daidai abin da ya ce zai riƙa bari da rana. In kara ya kai wutsiya kafin la'asar, a sa hannu yadda takarda take. In bai kai ba, a ƙara ruwan rana, wutar yamma ta ragu.

Bayan mako biyu Kawu ya shigo shagona. Na gan shi tun daga bakin layi, yana jan ƙafa. Na sunkuyar da kai na taka keke. Ya yi sallama, na amsa a ciki ban ɗago ba. Ba fushi nake ba, kunya ce, amma daga waje duk ɗaya suke. Na ji shi yana tona ƙyallaye. Ya daɗe, don sunkuyawa ta yi masa wuya, ni kuwa ina ɗinka layin da na riga na ɗinka. Ya samu, ya kaɗe. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, “Allah shi ba da kasuwa.” Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Da aka ce ya kwanta, na ce sai Juma'a in je, Juma'a ta zo na ce sai na rage aiki.

Ranar Juma'a, bayan addu'ar uku, maganar da kowa ke haɗiyewa ta fito. Manoma suka ce nasu zai jefa kara. Sarkin Ruwa ya ce manomi zai so a ƙara ruwa ko ya isa, masunci ya fi sanin gulbi. Wani mai walda ya ce tunda mai karan ya tafi, a bar zancen, a bi takarda. Tsohon nan na wutsiya ya miƙe. Murya ta fara tashi a ƙofar gidan mamaci, har liman ya shiga tsakani. Ana cikin haka aka ce Inna na kirana.

Na same ta a ɗakin Kawu, zaune a ƙasa. Ta nuna mini bayan ƙofa da haɓa. Karan na jingine, an gyare shi, an ɗaura masa jan ƙyalle. Na gane yadin, ragowar rigar wata amarya ce da na ɗinka.

“Ɗauka,” ta ce. Kalmarta ta farko gare ni ke nan a wata guda. “Kai kawunka yac ce a ba.”

“Ni, Inna? Bayan abin da niy yi?”

“Na hwaɗa mai haka. Nic ce, wanga da yak kunyata ka gaban mutane? Yac ce in yi shiru, ba ni ka rabon ruwa ba.” Ta share ido da bakin mayafi. “Ni dai da ni ta, ba ni ba ka. Amma ba ni cin amanar mamaci.”

Na fito da karan a hannu. Manoma suka yi caa. Ardo ya ɗaga sandarsa kaɗan, aka saurara. Ya ce shi ma Kawu ya kira shi yana kwance ya gaya masa. In manomi ya jefa ya ce karan ya tsaya, 'yan kasuwa za su ce ƙarya ne. In Bafulatani ne, haka. Amma in wanda ya fi kowa son karan ya kai shi ne ya ce ya tsaya, magana ta ƙare.

“In kuma yat tura shi hwa?” in ji tsohon wutsiya.

“Muna nan,” in ji Ardo.

Da zan hau babur, maƙwabcin shagona ya riƙe mini hannu. Tare muka yi koyo a Boɗinga, 'ya'yansa bakwai, kekensa ɗaya. Bai ce in yi wani abu ba. Ya ce kawai, “Allah ya kawo muna shi hannu. Ka tuna da layi.”

Asabar da hantsi muka taru a ƙofar dam. Injiniya ya buɗe daidai abin da aka ce, ya nuna wa kowa ma'auni. Na yi bisimilla na jefa. 'Yan kwamiti da sauran jama'a suka hau babura da mota suka tafi jira a wutsiya. Muka rage mu biyar: ni, Ardo, Sarkin Ruwa, wani manomi, da injiniya da ya ce shi ma zai taka.

Da farko karan ya tafi da sauri har muna ɗaga ƙafa. Zuciyata ta yi fari, na ce ashe lissafi ya yi gaskiya, zan fita kunya ba tare da na cuci kowa ba. Muka wuce gonar Kawu, albasarsa ta isa cira ba mai cira. Muka wuce inda masunta ke shanya taru. Sau biyu ciyawa ta riƙe shi, muka tsaya muna jira har ruwa ya ƙwace shi. Amma gulbin sai ƙara faɗi yake yana rage zurfi. Na fara ganin abin da ban taɓa gani ba a shekara arba'in da nake ɗan garin nan: ramukan da mata suka tona a cikin gulbi suna jiran ruwa ya tsattsafo, sawun shanu da ya bushe a taɓo, ƙananan kifi sun ƙafe a kwatami. Wasu mata da tuluna suka tsaya a gaɓa suna kallon jan ƙyallen yana wucewa. Ɗaya ta tambaya ina tsohon, aka gaya mata, ta sauke tulunta ta zauna.

Rana ta take. Karan ya koma tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ana gab da azahar muka iso wata kwana inda ruwan ya rabu biyu, ya bar tudun rairayi a tsakiya. Karan ya juya, ya yi kamar zai bi hannun dama inda ruwan ya ɗan fi, sai kansa ya hau rairayi. Gindinsa na lilo a ruwa. Tsakaninsa da hanyar da za ta kai shi bai fi taki ɗaya ba.

Muka tsaya a kansa. Ardo ya dubi inuwarsa ya ce lokaci ya yi. Ya ce a al'adar Kawu ba a barin kara shi kaɗai, mai kara ke tsayawa, saura su yi salla, in sun idar shi ma ya yi. Manomin ya buɗe baki zai yi magana, Ardo ya ce masa, “Taho.” Suka yi alwala, suka hau gaɓa ƙarƙashin wata bagaruwa. Gabas kuwa ta sa duk sun ba ni baya.

Na ji kabbarar farko. Ina tsaye cikin ruwan da bai rufe idon sawuna ba, babban yatsana na dama bai fi tafin hannu daga karan ba. Ba sai na taɓa shi ba ma. In na taka da ɗan ƙarfi, igiyar ruwan kaɗai za ta ɗaga shi, kuma in rantse ban taɓa ba, rantsuwata ta yi daidai. Na tuna maƙwabcina da 'ya'yansa bakwai. Na tuna rigunan da ke rataye a shagona. Na tuna abin da layi zai ce mini. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga ƙafar. Raka'a huɗu ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Ina kallon ƙyallen nan, ɗaurin Kawu ne, irin ƙullin da yake yi wa bakin buhu. Sai na mayar da ƙafar a hankali yadda ruwa ba zai motsa ba, na ja da baya, na hau rairayi na zauna.

Da suka sallame suka sauko. Karan na inda yake, har gindin ya daina lilo. Injiniya ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya tsoma yatsa ya auna, ya rubuta a littafinsa. Ni na ce a kira 'yan kwamiti a gaya musu ga inda ruwa ya tsaya. Muryata ce, amma da ƙyar na gane ta.

Manomin ya dubi Ardo. “Don mi kab bar shi shi ɗai? Da ya tura hwa?”

“Ba ni nib bar shi ba,” in ji Ardo. Ya juyo gare ni. “Kawunka yac ce, in azahar ta yi, kowa shi ba ka baya, kada a bar ko mutum guda shina kallo. Nic ce mai, yaron ga da yaz zage ka? Yac ce, baki na garai, ba hannu ba. Ni nir rene shi.”

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

An sabunta lasisin da sharaɗin ƙarin ruwan rana, an kuma rubuta a ciki cewa duk shekara za a jefa kara. Wutar yamma ta ragu. Mun sha wuya a ɗinkin sallar nan, na fito da tsohon keken ƙafa, na mayar wa mutane da wasu yadukan. Layi sun sauke ni daga shugabanci, maƙwabcina kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ban ga laifinsa ba. Inna ta fara amsa mini da baki.

Na rubuta wannan ne don kada nan gaba a ga sharaɗin kara a takarda a ɗauka wani mai ilimi ne ya ƙirƙiro shi. Wani tsoho ne da bai iya karanta takardar ba. Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa ni ma, don ban nemi gafararsa ba yana da rai.

Ran nan a kan rairayi, da kukan ya lafa, Ardo ya taɓa kafaɗata ya ce saura ni. Na yi alwala da ruwan da ya kasa ɗaukar kara, na hau gaɓa na ba su baya.